An raba gari tun bara, allo na nan a saman ƙofa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in kai kukana. Shekara 4 ina kai taksina juyen mai wani shago a nan Yamai, ba don komai ba sai don allon wani babban kamfanin man mota da ke saman ƙofarsa. Fentin bango na kamfanin ne, har rigunan yaran shagon. Watan jiya inji ya fara wani irin kuka. Makanikina ya tsoma yatsa cikin man, ya murza, ya dube ni ya ce, "Maigida, wannan da ruwa duk ɗaya." Na ɗauki galan na nufi ofishin kamfanin. Sai aka ce mini ai sun raba gari da mai shagon tun bara, saboda ya daina biyan kuɗin amfani da sunansu, ko lita ɗaya ba su ƙara ba shi ba.

To, allon me yake jira?

Mai shagon ya ce da kuɗinsa ya yi fenti, da guminsa ya tara masu ciniki, ba zai sauke ba sai an biya shi. Ban ce maganarsa banza ce ba. Amma ga kotun kasuwanci ta Yamai nan, can ya kamata ya nemi haƙƙinsa, ba cikin injina ba. Tambari aro aka ba shi. Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OAPI mai yi wa tamburan kamfanoni rajista, mai cibiya a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa. Wanda ya yi wa tambari rajista a can shi ke da shi shekara 10, kuma yana iya sabuntawa. Ranar da yarjejeniyar wakilci ta ƙare, aro ya ƙare.

Su ma masu kamfanin ban wanke su ba. Da za a buɗe shagon har a rediyo aka yi ta shela. Da aka ɓata kuwa, shiru kake ji. Su sanar mana, da Hausa da Zabarmanci, wane shago ne ba nasu ba yanzu. Gyaran injina ya ci jaka 80, kuma jiya da na wuce na ga motoci uku suna jiran juye.

Wani direban taksi,
unguwar Bukoki, Yamai