Mun kafa tawagar kacici-kacici, amma babu abokin karawa a kusa

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara basira. Ni ɗalibi ne ɗan aji uku a wata jami'a a nan Bauchi, kuma na daɗe ina bibiyar filinka. Maganata ba ta aure ba ce ko ta gado irin waɗanda aka saba kawo maka, amma wallahi ta tsaya mini a rai.

Zangon karatu biyu ke nan da muka kafa tawagar kacici-kacici. Mafarin abin, na ci karo a YouTube da tsofaffin shirye-shiryen Zain Africa Challenge, gasar jami'o'in Afirka da aka riƙa nunawa a talabijin, wadda Jami'ar Ibadan ta cinye a 2009. Da na bi salsala sai na ga a Ingila tun 1962 jami'o'i ke irin wannan karawa. Na ce to mu me ya hana mu? Mu huɗu muka fara, yanzu mu goma sha ɗaya ne, uku mata.

Duk Asabar bayan la'asar muke haɗuwa a wani aji da babu kowa. Ba mu da kuɗin sayen na'urar gasar, wadda ake dannawa don a riga abokin karawa amsa tambaya, sai abokina mai karatun injiniyan lantarki ya shiga kasuwar Wunti ya sayo makunnin ƙararrawar ƙofa guda takwas, ya kafa su a kan falanki da ƙananan ƙwayayen lantarki, ya haɗa wayoyin ta yadda wanda ya riga dannawa ƙwansa kaɗai zai kama. Ranar da muka fara gwada ta, har masu wucewa sai da suka tsaya a taga. Har yau a ƙarƙashin gadonsa take kwana, a naɗe cikin tsohon zani.

Matsalar ita ce mun gama sanin juna. Mu ke rubuta tambayoyin, mu ke amsawa. Da mai karantawa ya ce "a ranar 1 ga Oktoba 1996", kafin ya kai ga "aka cire ta daga Bauchi" ƙwai ya kama, an ce Gombe. Da an ambaci Wikki an san Yankari ake nufi. Kai, daga kalmar farko ma nakan gane wanda ya rubuta tambayar a cikinmu, in kuma na gane shi na san inda ya dosa. Kullum muna cin juna muna tafi, alhali sai an gwada akan san na ƙwarai.

Sau ɗaya muka gwada. Wata tawaga daga wata jami'a a kudu ta yarda mu kara ta Zoom. Muka yi karo-karon data, muka kewaye kwamfuta ɗaya. Sabis ya riƙa yankewa, tambaya ba ta iso mana sai su sun riga sun ji ta, kuma a wasan da ƙiftawar ido ke raba gardama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma Malam, ba zan ɗora wa sabis laifin duka ba. A lissafi da kimiyya da tarihin Arewa mun riƙe su. Da aka shiga adabin duniya da manyan biranen ƙasashen Kudancin Amurka, shiru muka yi kamar an yi ruwa an ɗauke. A daren na gane mun zama kifin rijiya, kuma wasa ɗaya da baƙi ya koya mana abin da wata shida na atisaye bai koya mana ba.

Daga nan kanmu ya rabu. Mafi yawa sun ce mu tara kuɗi mu je gasa Legas ko Ibadan, inda tawagogin da muka sani suke, a gan mu a san da mu. Legas ta haura kilomita 1,000 daga nan. Mutum biyar, kuɗin mota zuwa da dawowa, masauki da abinci, in muka yi tafiyar nan sau ɗaya asusunmu na shekara ya ƙare. Ga wani abin da ya fi kuɗin damuna. Wadda ta fi kowa a cikinmu mace ce, ita ce ƙarfinmu a ilimin halittu da Turanci, kuma mahaifinta ya ce ba za ta yi tafiyar kwana ba. Ban ga laifinsa ba, in ƙanwata ce ni ma sai na yi tunani. To amma mu tafi mu bar ta, bayan ita ce ba ta taɓa fashin Asabar ɗaya ba?

Ni abin da zuciyata ta fi karkata gare shi daban ne. Gombe kusan kilomita 150 ce, akwai jami'ar jiha tun 2004, ga ta tarayya a Kashere tun 2011. Ga jami'ar Gadau a cikin jiharmu, ga Jos tafiyar kamar awa biyu. Duk waɗannan mutum zai yi asuba a gida ya je ya dawo kafin magariba. Na dubi yadda musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa ke tafiya, wadda Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ke shiryawa tun 1986: daga ƙaramar hukuma ake faro ta, a hau jiha, sannan ƙasa. Ba wanda ke tsallake maƙwabcinsa. Me zai hana mu ɗauki falankinmu mu je mu nemi ɗalibai huɗu-huɗu a kowace makaranta, mu koya musu ƙa'idojin, har su zama abokan karawarmu?

Sai dai abokan tafiyata suna da hujja. Sun ce wanda ka koya wa wasa jiya ba zai kaifafa ka yau ba, kuma kafin abin ya kama ƙasa mun gama makaranta. Gaskiya ne, saura mini shekara ɗaya da 'yan watanni. Abokina mai ƙararrawa ya faɗa mini a gaban kowa cewa shi bai ƙera ta don koyar da wasu ba, in ba za a je kudu ba zai janye. Tun aji ɗaya muke cin abinci a kwano ɗaya da shi, yau sati biyu ke nan gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Malam, ka duba mini. Tun da ni suka ɗora a gaba, haƙƙi ne a kaina in bi masu rinjaye ko da ina ganin tafiya ɗaya za ta cinye komai, ko in tsaya a kan abin da nake ganin zai rayu bayanmu? In kuma hanyar maƙwabta ce daidai, ta wace ƙofa zan shiga makarantar da ban san kowa ba: ta ƙungiyar ɗalibai, ko in roƙi wani malami ya rubuta wa takwaransa? Sannan yaya zan yi da abokina don kada in rasa shi? Ranar Asabar ta sama za mu zauna mu yanke, ina roƙon amsarka ta riga mu.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ɗanka,
wani ɗalibi daga Bauchi