A Fara Koya Wa Malamai Kwamfuta

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahoton shirin Gwamnatin Tarayya na mayar da jarrabawar WAEC da NECO kan kwamfuta. Shirin ya yi, amma malaman sakandarenmu da dama ba su saba da kwamfuta ba, balle ɗalibansu.

A zauren jarrabawar JAMB, wadda ake yi da kwamfuta, ake ganin illar. Yaro ya san amsa, amma bai san danna harafin N ke kai shi tambaya ta gaba ba, P ke mayar da shi baya. Yana ta lalube har lokaci ya ƙure.

Cibiyoyin JAMB da dama kan zauna ba aiki bayan jarrabawa. Jihohi su yi hayarsu: malamai su yi sati biyu lokacin hutu, sannan 'yan aji biyar su riƙa zuwa awa biyu kowace Asabar, kowa da kwamfutarsa.

Mai karatunku,
daga Zariya