Gwaggo ta ce nono ɗaya muka sha

Assalamu alaikum Hajiya, sannu da ƙoƙari. Don Allah a sakaya sunana.

Ni bazawara ce, na doshi sittin. Maigidana ya rasu, na daɗe da fita takaba, yara duk sun kama gabansu. A Kwarbai aka haife ni, cikin birnin Zariya, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da gidan su wani yaro sa'ana. Makarantar allonmu ɗaya. In na ɗauki tallar dakuwa shi ke raka ni har Ƙofar Doka yana riƙe mini kuɗin ciniki. A 1975, da aka naɗa marigayi Sarki Shehu Idris, tare muka sulale kallon dawakai a ƙofar fada, tare kuma muka sha bulala da muka dawo. Bayan nan aka yi wa babansa, ma'aikacin reluwe, canjin wurin aiki zuwa Kafanchan, ni kuma aka yi mini aure. Shi ke nan, ko labarinsa ban ƙara ji ba.

Bara a wani ɗaurin aure a Tudun Wada, ina neman takalmina a bakin zaure, sai na ji an kira ni da sunan da tun rasuwar Innarmu ba wanda ya kira ni da shi. Na ɗago, ga dattijo da furfura, amma tabon girarsa na nan, wanda ni na yi masa da bakin allo. Ya yi ritaya ya dawo gida, matarsa ita ma ta rasu. Bai tsaya wasa ba, ya tura manya wurin yayana, har an karɓi kuɗin gaisuwa.

Ana cikin haka Gwaggo, ƙanwar babanmu, ta aiko a kira ni. Wai da aka haife ni Inna ta yi ciwon nono, mahaifiyar mai neman nawa ce ta shayar da ni. Iyayen namu mata duk sun rasu. Mun bi tsofaffin unguwa gida-gida, babu wanda ya taɓa jin wannan magana. Kuma Hajiya, muna yara mutanen unguwa ango da amarya suke ce mana, iyayenmu na dariya. Da sun san da shayarwa, ai da sun tsawatar, ko ba haka ba?

Malamin da yayana ya tambaya ya ce a mazhabar Malikiyya shaidar mace ɗaya ba ta haramta aure, amma an fi son a nisanta. Shi mai neman nawa ya riƙe rabin farko na maganar, ni kuma rabin ƙarshe ne ke hana ni barci.

Akwai kuma abin da ban faɗa wa kowa ba. Babban ɗana tun farko ba ya so, ya ce abin kunya ne mai jikoki ta shiga lalle, kuma ana gobe Gwaggo za ta kira ni an ga motarsa a ƙofar gidanta. Ba na son in zargi tsohuwar da ta goya ni, ba na kuma son in zauna da mutum kullum zuciyata na ɗar-ɗar.

In tunkari ɗana da maganar, ko in sa yayana ya rantsar da Gwaggo gaban malamai? In ta rantse, Hajiya, da wane baki zan faɗa wa bawan Allahn nan? Yayana na jiran amsata kafin azumi.

Mai sauraronki kullum,
daga birnin Zariya