Baƙin mai ba maganin icce ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na rediyo na daren Talata ya hana ni barci. Baƙon da kuka kawo ya ce in za a sare reshe a shafe shi daidai da jikin icce, sannan a malala baƙin man mota a wurin, wai don kada ruwa ya shiga. Mai gabatarwa kuwa sai "haka ne, haka ne" yake ta yi. Wallahi ba haka ba ne.

Shekara 22 ina hawan itatuwa da barandami da zarto a garin nan, kuma ni ma a da haka nake yi, don haka na taras. Akwai wani bedi a ƙofar gidan kawuna a Bagalam, da hannuna na shafe masa babban reshe har jiki, na zuba masa mai. Damina huɗu wurin ya zama kogo, gara ta samu gida, iskar farkon damina ta kada shi bisa katangar maƙwabta. Ni na sayi bulo da siminti. Har yau uwargidan maƙwabtan da ƙyar take amsa gaisuwata.

Icce ba ya warkewa irin na fatar mutum, rufe ciwon yake yi. Ku duba gindin kowane reshe, za ku ga ɗan kumburi kamar zobe. Daga nan sabon nama yake tasowa, ya yi ta zagaye wurin saran har baki ya haɗu. Wanda ya sare zoben nan ya raba iccen da marufinsa. Shi kuma mai yana ƙona ɗanyen da ke ƙarƙashin ɓawo, alhali nan ne icce yake ƙara kauri. Reshe mai nauyi sara uku yake so: a fara tsaga shi ta ƙasa, a sare ta sama ɗan gaba kaɗan ya faɗi bai ɗaye ɓawo ba, sannan a cire guntun a bar zoben. Iska ta ishe shi magani.

Kuma a Maraɗi za a faɗi wannan! Nan fa aka faro sassaben zamani, wato renon tohon kututturan itatuwa a gona, a shekarun 1980, lokacin Tony Rinaudo, masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya. Manomin ƙauye da ke gyara tohon kalgo da sabara a gonarsa ya san a wasa adda, a yi sara daga ƙasa zuwa sama. Shi ya kamata ku ba makirfo. Kowace ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, mu fito mu dasa, ku kuma ku koya wa mutane yadda za su kashe na tsaye. Tun ranar Laraba na ga yara biyu a unguwarmu da galan ɗin mai da tsumma.

Sannan wannan layin waya naku. Sau bakwai ina kira, kuɗina na tafiya, ba wanda ya ɗauka, amma masu gaishe-gaishen surukai da abokan shan shayi kullum su ake sa wa. Ku gyara, kuma ku maido shirin bayan sallar isha'i kamar da.

Naku mai saurare,
wani mai gyaran itatuwa, unguwar Zariya, Maraɗi