Bayan intabiyun bizar aure: a san irin jiran da ake yi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna neman ɗan fili a jaridarku domin ma'auratan da suka yi intabiyun bizar aure ta Amurka, aka sallame su ba tare da amsa ba. 'Yan damfara sun gano halin da suke ciki, suna karɓar kuɗi wai suna da mutum a ciki. Ƙarya ne. Abin da zai amfani mai jira shi ne ya gane irin jiran da yake yi.

Idan jami'i ya ce an amince, ya kuma riƙe fasfo, galibi kwanaki ne ko 'yan makonni. Duk da haka kada a yanki tikiti, kada a ajiye aiki, sai fasfo ya dawo da biza a ciki, an duba suna da ranar haihuwa.

Wahalar tana ga wanda aka miƙa wa takardar sashe na 221(g) na dokar shige da fice ta 1952. Idan ya shiga CEAC, shafin intanet da ake duba inda maganar biza ta kwana, da lambar fayil ɗinsa zai ga “Refused”, wato an ƙi, kuma tun 2020 haka shafin ke nuna wa duk wanda aka dakatar ƙarƙashin wannan sashe. Ba hukuncin ƙarshe ba ne. A karanta takardar da kyau, domin iri biyu ce.

Na farko, akwai abin da bai cika ba. Mafi yawa fom ɗin I-864 ne, inda mijin ko matar da ke Amurka ke ɗaukar nauyin wanda zai zo. Dole kuɗin shigarsa ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatin Amurka, gwargwadon yawan mutanen gidansa. In bai kai ba, a nemo wani ya tsaya masa, shi ma ya cike nasa fom ɗin, ya haɗa da takardun harajinsa da shaidar zama ɗan ƙasa ko katin zama. Wani kuma takardar rabuwa ta auren baya ce babu, kuma baki ba ya zama hujja a wajensu. Shekara ɗaya aka bayar a kawo abin da aka nema. In ta wuce shiru, ana iya rufe fayil ɗin. A aika komai a dunƙule ta hanyar da takardar ta faɗa. Aikawa guntu-guntu shi ke maida mutum baya.

Na biyu, ba a nemi komai ba, an ce ana ƙarin bincike. Wannan ba shi da wa'adi. Wasu ana aiko musu da fom DS-5535, mai neman tafiye-tafiye, adireshi da wuraren aiki na shekaru 15, da lambobin waya, imel da shafukan sada zumunta na shekaru 5. A nan ne mutane ke yi wa kansu illa: su manta wata tafiya da hatiminta ke cikin tsohon fasfo, ko su rubuta abin da ya saɓa da fom DS-260 na neman bizar da suka cike tun farko. Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta ce a jira kwanaki 180 daga ranar intabiyu, ko ranar miƙa ƙarin takardu, kafin a tambaya, sai dai in rashin lafiya mai tsanani ko rasuwa ta taso a iyali. Bayan haka wanda ke Amurka na iya sa ofishin ɗan majalisar yankinsa ya tambaya, ko lauya ya kai ƙara kotun tarayya kan jinkirin. Kotu na iya cewa a yanke hukunci, amma ba ta tilasta a ba da biza, balle bayan shari'ar Muñoz ta 2024, inda Kotun Ƙolin Amurka ta ce tsarin mulki bai ba ɗan ƙasa haƙƙin a shigo masa da abokin aurensa ba.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne takardu na tsufa ana jira. Gwajin likita wata shida yake yi, wani lokaci uku, kuma wa'adin bizar da shi ake ɗaure shi. In ya ƙare sai an sake, amma kada a je asibitin sai ofishin jakadanci ya ce a je, in ba haka ba a biya sau biyu. A sa ido kan wa'adin fasfo ma.

Jinkirin yana da ɗan amfani guda: wanda aurensa ya cika shekara biyu kafin ya shiga Amurka zai sami katin zama na shekara goma, maimakon na shekara biyu mai sharaɗi.

Idan kuwa jami'i na shakkar ingancin auren, yakan mayar da fayil ga USCIS, hukumar shige da fice ta Amurka, ita kuma ta rubuta wa mijin ko matar da ke Amurka da ya shigar da takardar, ta ba shi kamar kwana 30 ya kawo hujja. Don haka duk wanda ya sauya gida ya sanar da hukumar sabon adireshinsa.

Wassalam,
Wasu masu karanta jaridarku