Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 Ga Iyayen Ɗalibai 'Yan Wasa A Amurka

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa.

Bana kusan duk aikin ƙungiya a kan abu ɗaya ya ƙare, wato sauya makaranta da yaranmu ke yi, da kuɗin da ya shigo wasannin kwaleji. Yawancin 'ya'yanmu ƙananan makarantu ne suka ɗauke su da tallafin karatu, kuma su ne wannan guguwa ta fi kaɗawa.

A zamanmu na intanet mun bi tarihin abin daki-daki. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin kwalejojin Amurka, ta buɗe rajistar masu neman sauya makaranta a 2018. A 2021 aka bar ɗan wasa ya sauya sau ɗaya ba tare da zaman jiran shekara kafin ya buga wasa ba, aka kuma halatta masa cin kuɗin talla da sunansa. A 2024 aka cire iyakar sauyin. Sai ga hukuncin mai shari'a Claudia Wilken a watan Yunin bana, wanda ya ba makarantun rukuni na ɗaya na NCAA damar raba wa 'yan wasansu har kusan dala miliyan 20.5 kowace makaranta a shekarar farko. Ina ƙaramar kwaleji za ta samo wannan?

Abin ya zama kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙaramar makaranta ta tsinto yaro, ta horar da shi, ranar da ya fara haskawa babba ta yi masa tayi. Ku tuna ƙaramar jami'ar Saint Peter's da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a gasar ƙwallon kwando ta NCAA ta 2022: kocinsu Shaheen Holloway ya koma Seton Hall, manyan 'yan wasan suka watse. Ita kuwa Saint Francis ta Pennsylvania, a watan Maris na bana ta buga wannan babbar gasar, kwanaki kaɗan bayan haka ta sanar za ta sauka zuwa rukuni na uku, inda ba a bayar da tallafin karatu don wasa. Wannan ƙofa ce ta rufe wa ƙannen yaranmu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne kiran da wani mahaifi ya yi mini bayan sallar isha, muryarsa na rawa. Ɗansa ya sa suna a rajista ba da saninsa ba, don abokansa duk sun tafi. Tayi bai zo ba, makarantarsa kuma tana da ikon janye tallafin a ƙarshen zangon. Mun yi ta rubuce-rubuce da roƙo kafin aka mayar da shi. Alhamdu lillahi.

Mun kuma gayyaci lauyar shige da fice ta yi wa masu bizar ɗalibai ta F-1 bayani, domin kuɗin tallar da ɗan ƙasa zai karɓa lafiya lau, su yana iya jawo musu matsala.

Ziyarar makarantu da muka yi alkawari ba ta yiwu ba, asusu bai kai ba. Muna roƙon masu bashin kuɗin wata su biya kafin babban taro, inda za a zaɓi kwamitin da yaro zai tuntuɓa kafin ya sa sunansa a rajista. Iyaye mata, muna buƙatar ku a ciki, domin ku yaran suka fi faɗa wa gaskiya.

Wassalam,
Sakataren ƙungiya