Ɗalibin da ciwon damuwa ya kama, ina zai nufa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu yi magana da hukumomin jami'o'in da ke ɗaukar 'ya'yan karkara, irin su ta Sule Lamido a Kafin Hausa, da ta Aliko Dangote a Wudil, da ta Tarayya a Dutse, da kuma iyayen da suka sayar da amfanin gona ko dabba suka biya kuɗin rijista.

Shekarun shiga jami'a su ne shekarun da ciwon damuwa da taɓin hankali suka fi fara bayyana. A daidai lokacin ne yaro ke rabuwa da gida, ga yunwa, ga darasin da ya faɗi yana jiran maimaici, ga 'yan gida duk sun zuba masa ido. Naira 20,000 da NELFUND, asusun gwamnatin tarayya na ba ɗalibai rance, ke ba masu rance a wata tana rage yunwa, amma ba ta warkar da wanda ciwo ya riga ya kama. Abin da muke nema shi ne kowace jami'a ta shimfiɗa hanya guda da kowa ya sani, daga aji zuwa asibitin makaranta, daga can zuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa, sannan zuwa gidan su ɗalibin.

A fara da malamin da ke kula da aji, domin shi ke riƙe da takardar halarta da sakamako. Ɗalibin da ya yi mako biyu ba ya zuwa lacca, ya daina wanka, ya ƙaurace wa abokai, barci ya gagare shi ko ya rame, a kira shi a keɓe kafin a rubuta masa takardar gargaɗi. Sau da yawa ɗalibi ba zai ce yana cikin damuwa ba. Ciwon kai zai kawo, ko faɗuwar gaba, ko kasala, a yi ta ba shi maganin maleriya da na taifot yana dawowa.

A asibitin makaranta ba sai an jira likitan ƙwaƙwalwa ba, domin ba su da yawa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin mhGAP don koya wa likita da nas da jami'in lafiya yadda za su gane waɗannan cututtuka su fara magani. Akwai kuma takardar tambayoyi tara, PHQ-9, da ake cikewa cikin 'yan mintuna. Makinta daga 0 ne zuwa 27, kuma wanda ya kai 10 yana buƙatar a zauna da shi sosai. Tambaya ta tara kan tunanin kashe kai ce, kuma ko maki ɗaya aka samu a nan ba a barin ɗalibi ya tafi sai an bincika. A yi masa tambayar kai tsaye, cikin natsuwa. Tambaya ba ta cusa wa mutum wannan tunani. In ya amsa, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe fiya-fiya da maganin feshin gona da tarin ƙwayoyi daga ɗakinsa, a miƙa shi asibiti a ranar. Sashe na 231 na Penal Code, wato dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, ya mai da yunƙurin kashe kai laifi, shi ya sa abokan ɗaki ke ɓoyewa. Jami'a ta faɗa a fili cewa asibiti za a kai irin wannan ɗalibi, ba kwamitin ladabtarwa ba.

Wajen shan magani ne aka fi samun matsala. Magungunan ciwon damuwa irin su fluoxetine da amitriptyline ba sa nuna aiki sai bayan mako biyu zuwa huɗu, wani lokacin fiye, amma tashin zuciya ko bushewar baki ko yawan barci tun kwanakin farko suke zuwa. Wanda ba a yi wa bayani ba sai ya watsar cikin mako guda. Wanda ya ji sauƙi kuma sai ya daina, alhali ana so ya ci gaba aƙalla wata shida bayan warkewa. Amitriptyline na da araha, amma yana kisa idan aka sha da yawa, don haka mai tunanin kashe kansa ba a damƙa masa na wata guda. A kuma tambayi kowa ko yana shan tramadol ko kodin ko wiwi, ba da tsawa ba. Wasu don raba dare suna karatu suka fara, kuma tramadol na jawo farfaɗiya.

Sai hutu. Ɗalibi ya koma ƙauye, magani ya ƙare, kemis ɗin garin ba shi da shi, ya dawo makaranta ciwo ya dawo sabo. Kafin a rufe makaranta a ba shi takardar da ke ɗauke da sunan maganin da adadinsa, a haɗa shi da babban asibiti mafi kusa da garinsu, a kuma nemi izininsa a sanar da mutum ɗaya a gida wanda zai riƙe maganin ya riƙa ba shi.

Iyaye, idan ɗanku ya fara jin muryoyi, ko zargin ana bin sa, ko ya kwana uku bai runtsa ba yana ta surutu, ku kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Ba mu hana ruƙiyya da addu'a ba, a haɗa su da magani. Abin da muke ƙi shi ne a shafe watanni ana neman wanda ya yi sammu, ko a sa wa yaro mari a dake shi. Jinkiri na sa warkewa ta yi wuya. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kare mutuncin majinyaci da sirrinsa.

Majalisar kowace jami'a kuma ta rubuta ƙa'idar jingine zangon karatu saboda wannan ciwo, kamar yadda ake yi wa wanda ya karye ko aka yi wa tiyata: takardar likita ta wadatar, ba a lissafa masa faɗuwa, sunan ciwon kuma ba ya fita daga fayil ɗin asibiti.

Wassalam.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Jihar Jigawa